Farautar Barewa A Amurka: Bishiya Ta Fi Bindiga Haɗari

Da zarar kaka ta shiga a Amurka, miliyoyin maharba kan bazama daji neman barewa mai farar wutsiya, musamman a jihohi irin su Mishigan da Wiskonsin. Dabbar akwai ta da hanci da kunne, shi ya sa maharbi kan kafa kujerar ƙarfe a jikin bishiya, mita 5 zuwa 6 daga ƙasa, ya hau tun kafin asuba ya yi mata kwanton ɓauna. Sai dai a jihohi da dama, faɗowa daga wannan kujera ta fi harbin kuskure kai maharba asibiti.

Wanda ya suɓuto daga mita 6, cikin daƙiƙa ɗaya da ɗan wani abu zai bugi ƙasa da gudun kusan kilomita 40 a awa. Ƙashin baya, ƙugu da kai su ne kan ji jiki, wasu kuma su ƙare da shanyewar ƙafafu. Galibin faɗuwar ba a zaune take faruwa ba. Lokacin hawa ne ko sauka, ko sa'ilin da mutum ya ɗaga ƙafa daga tsani zai taka kujera, ga duhu, ga raɓa ta daskare a kan ƙarfe, yatsu sun ƙage da sanyi.

Tun 2004 kamfanonin da ke cikin ƙungiyar masu ƙera waɗannan kujeru suke haɗa kowace da ɗamarar tsaro mai kama kafaɗu, ƙirji da cinyoyi. Ita ta maye gurbin tsohon bel na ƙugu, wanda kan kifar da mutum kai ƙasa ko ya zame ya danne masa numfashi. Matsalar ita ce da yawa sai sun zauna suke ɗaure ɗamarar da bishiya, bayan sun riga sun wuce inda haɗarin yake. Maganinta igiya ce doguwa daga saman kujera har gindin bishiya, mai wani ƙulli da ake kira Furusik. Kana hawa kana tura shi sama da hannu. Nauyi na faɗa masa, sai ya cije igiyar. Bindiga kuwa a cire mata harsashi, a jawo ta da wata igiyar bayan an zauna.

Kayan ma sai an duba. Kujerar da ta shekara a daji, rana ta cinye maɗaurinta, kurege ya gwaguye shi, bishiyar kuma ta ƙara kauri ta ɗame shi. Busasshiyar bishiya ba abar hawa ba ce.

Ko ɗamara ta cafe mutum, da sauran rina a kaba. Idan ya daɗe yana reto, maɗaurin cinya kan matse jijiyoyi, jini ya taru a ƙafafu, ya suma, har ta kai ga rasa rai. Don haka ake haɗawa da wani maɗauri da zai taka ya miƙe, yana motsa ƙafafu har ya koma kan tsani. Waya da usur su zauna a aljihun ƙirji inda hannu zai kai, kuma kafin ya bar gida, wani ya san bishiyar da zai hau da lokacin da zai dawo.