Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa a zamanin Turawa, Talata Mafara da Bakura da Maradun duk gundumomi ne a Lardin Sakkwato, kuma yawancin yaransu ba su taɓa taka makarantar gwamnati ba? Makarantar da kowa ya sani ta malamin unguwa ce, a zauren gidansa ko gindin bishiya. Ba En'e ce ke biyansa ba, iyaye ne, da kuɗin Laraba da damin gero in kaka ta yi. Da dare a hura wuta da kara, yara su kewaye ta da allunansu. Alhamis da Juma'a hutu.

Nishaɗi kuwa sai an kau da amfanin gona, a shiga dambe da kokawa a dandali.

A cikin wannan zamani Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya taso. A ƙasar Bakura aka haife shi, amma da Maradun duniya ta san shi. Kiɗa gadonsa ne, a wurin mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya koya, yana amshi tun yana yaro, sannan ya bi yayansa Abdu Kurna. Daga waƙoƙin noma ya kai ga kiɗan fada da kotso, har ya waƙe Sardauna Ahmadu Bello. A ganina, horon da ya samu a gida bai gaza na kowace makaranta ba. Ya rasu a 1991.