Aikin Fada a lokacin Kirsimeti

A Kwaya da sauran garuruwan ƙasar Magariya da Dungas, yara sun san ƙaramar salla da babbar salla. Sun san yadda liman yake shan aiki a watan azumi. Kiristoci ma suna da nasu shugaban addini. Na ɗariƙar Katolika ana ce masa Fada, wato uba. Fada ba ya aure, coci da jama'arsa su ne iyalinsa.

Kiristoci ƴan kaɗan ne a Nijar, kuma a warwatse suke. A shekarar 2001 aka ba Maraɗi bishop nata, wato shugaban su Fada. Na farko shi ne Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina Faso. Ƙasar da ke hannun bishop na Maraɗi ta haɗa jihohi 5: Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa. Ƙasa ce mai faɗi ƙwarai, su Fada kuwa ba su da yawa. Saboda haka Fada na Damagaram ba ya samun zama.

Aikinsa ya fi yawa a watan Disamba. Ran 25 ga watan ne Kiristoci suke bikin haihuwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi suke kira Annabi Isa ɗan Maryamu. Bikin sunansa Kirsimeti, wasu kuma su ce Nowel.

Ana fara shiri tun Lahadi 4 kafin ranar. Fada yana tara mutane yana yi musu wa'azi. Masu son tuba suna zuwa wurinsa ɗaya ɗaya, su faɗi laifinsu su nemi gafarar Allah. Abin da ya ji a nan, ba ya faɗa wa kowa har ya mutu. Da marece yana duba masu koyon waƙoƙi. Yara kuma suna gina ɗan ƙaramin turke da ciyawa, don Linjila ta ce a komin dabbobi aka kwantar da jaririn a Baitalami.

Akwai waɗanda ba su iya zuwa coci: tsofaffi, marasa lafiya a gidan likita, da ƴan kaso. Su Fada ne yake bi har inda suke. Akwai kuma ma'aikata da baƙi da ke zaune a garuruwa masu nisa. Daga Damagaram zuwa Magariya kimanin kilomita 90 ne. Lokacin kuwa na hunturu ne, ga sanyi ga hazo. In Fada bai je ba, mutanen can za su yi biki ba tare da babbar addu'arsu ba, wadda ake kira Misa, don Fada kaɗai yake iya gabatar da ita.

Daren 24 ga Disamba coci yana cika. Fada yana tuɓe rigar shunayya ta kwanakin shiri, ya sa fara. Ana karatu, ana waƙa da kiɗa har dare ya raba. Da gari ya waye sai ya sake wata Misa. A wannan rana an yarda masa ya yi har 3. Bayan haka mutane su koma gida, a dafa shinkafa da nama, a aika wa maƙwabta Musulmi, kamar yadda su ma suke aiko da naman layya.

Wannan zumunci ya taɓa shiga haɗari. Ran 16 ga Janairu 2015 aka yi tarzoma a Damagaram, aka ƙona cocin Katolika. Amma wasu Musulmi sun ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu. Shi ya sa gaishe-gaishe ma yana cikin aikin Fada. Yana zuwa gaida malamai da masu unguwa, su ma su zo yi masa barka da biki. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Ran 1 ga Janairu akwai wata Misa ta sabuwar shekara. Sai bayan ta wuce Fada yake ɗan samun hutu.

Tambayoyi

1. Wace rana ce ake bikin Kirsimeti?
2. Jihohi nawa ne ke hannun bishop na Maraɗi? Faɗi sunayensu.
3. Don me Fada yake tafiya garuruwa masu nisa?
4. Me maƙwabta suke aika wa juna a ranakun biki a garinku?