Kacici-kacici a jikin fitila: Yadda Sinawa ke haɗa yaro da babba a wasan biki

A daren 15 ga watan farko na kalandar gargajiyar Sinawa, lokacin da wata ke cika, ake rufe shagulgulan sabuwar shekara da Bikin Fitilu. A 2025 bikin ya faɗo ne ranar 12 ga Fabrairu.

Ana rataya jajayen fitilu a wuraren shaƙatawa da titunan unguwanni, ana kuma cin tangyuan, wato ƙananan curin garin shinkafa masu zaƙi a ciki. Amma abin da ke tsayar da jama'a cirko-cirko shi ne 'yan takardun da ke lilo a ƙasan fitilun, kowacce ɗauke da kacici-kacici.

Wanda ya gano amsa sai ya cire takardar ya kai wa masu shirya taron. Idan ya dace, a ba shi 'yar kyauta.

Al'adar ta samo asali tun zamanin daular Song. Marubucin nan Zhou Mi, wanda ya rayu a ƙarni na 13, ya ambaci yadda ake rubuta irin waɗannan tambayoyi a jikin fitilu a birnin Lin'an, wato Hangzhou na yau. Saboda wuyarsu, ana yi musu laƙabi da "damisar fitila", warware su kuwa "harbin damisa".

Sassa uku

Masu tsara wasan suna raba kowane kacici-kacici gida uku: tambayar, sai manuniya da ke faɗin irin amsar da ake nema (dabba ce, sunan gari ne, ko harafi), sai amsar kanta.

Akwai doka mai tsauri: harafin da ke cikin amsa ba zai fito a cikin tambaya ba.

Wani sanannen misali yana zancen bakin da ya gatse wutsiyar saniya, manuniyar kuma ta ce harafi ɗaya ake nema. Idan aka datse ƙasan harafin Sinanci na "saniya" aka ɗora shi a kan na "baki", sai a samu harafin da ke nufin "sanarwa".

Inda gizo ke saƙar

Manuniyar ce ke hana rigima. In babu ita, mutum biyu na iya kawo amsoshi daban-daban da duk suka dace, kyauta kuma ɗaya ce. Nan wasa ke komawa gardama.

Haka nan ana cakuɗa masu sauƙi da masu wuya. Idan duka suka yi tsauri, yara su gaji su watse. Idan duka suka yi sauƙi, manya ba za su tsaya ba. Kuma da yake a rubuce suke, mai jin kunyar magana cikin taro yana da damar tsayawa ya yi tunani a tsanake.

Ko a gida ma akwai

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Duk wanda ya tashi da hirar dare ya san "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" tsintsiya ce, ya kuma san wanda ya kasa amsa sai ya ba da gari kafin a faɗa masa.

Sai dai a taron dangi na Sallah a yau, sau da yawa kowa kansa na sunkuye a kan waya, kaka na gefe, jikoki na gefe.

Tsarin Sinawa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: takarda, igiya a tsakar gida da 'yar alewa. Tsofaffi su kawo tambayoyin da suka gada, matasa su rubuta su tare da manuniya, a kuma gwada kowacce a kan mutum biyu ko uku kafin ranar. Duk wadda ta haifi amsa biyu, a gyara ta ko a ajiye ta.