Ɗigo Ɗaya na Man Keke

A garuruwan Ingila akwai wata kasuwa da ke ci da sassafen Lahadi. Mutane kan zo da motocinsu wani fili, su buɗe but, su baza tarkacen da suka gaji da ajiyarsa. A can na tsinci kan wani ƙaramin jirgin ƙasa na wasa, kwance cikin kwalin takalmi tare da tsofaffin cokula. Tsawonsa bai kai taƙi guda ba. Baƙi ne, an rubuta Princess Elizabeth a gefensa, a ƙarƙashinsa kuma Tri-ang. Rufin ɗakin direba ya tsage, sandar ƙarfen da ke haɗa manyan ƙafafunsa ta lanƙwashe. Matar da ke sayarwa ta ce na mahaifinta ne, jikanta ne ya sako shi daga matakalar bene, tun ranar bai ƙara motsi ba.

A wannan ƙasa ba yara kaɗai ke riƙe irin waɗannan jirage ba, har dattawa masu furfura suna da ƙungiyoyinsu. Tun 1920 Frank Hornby, mutumin Liverpool, ya fara sayar da ƙananan jirage da ake yi wa wani kamar agogo. Masu lantarki suka biyo baya. Tri-ang, kamfanin da ya yi nawa, a lokacin yana da masana'anta a Margate, bakin teku, kuma a 1964 ya saye kamfanin Hornby ɗin kansa. Ba zanen son rai aka yi ba, kwaikwayon wani kan jirgi na gaske ne da aka ƙera a Crewe a 1933, mai lamba 6201, aka sa masa sunan wata yarinya 'yar shekara bakwai, wadda ta zama Sarauniya har ta zo kallon hawan daba a Kaduna a 1956. An rage girmansa sau 76, an ɗora shi a kan dogo mai faɗin milimita 16.5, yana cin wuta bolt 12.

Da na koma gida na aje shi a kan tebur, hannuna ya kai ga sukurdireba, sai na tuna da wani tsoho.

Mahaifiyata tana da keken ɗinki, baƙi mai zanen ruwan zinare, na ƙafa. Da shi ta ɗinka mana kayan Sallah har muka girma. In ya fara gardama, yana tsinke zare ko yana tsallake, sai a aike ni in kira wannan tsoho mai gyara. Mu ciccibo kan keken mu kai masa zaure. Ban taɓa ganin ya fara da kwancewa ba. Zama yake ya juya wilin da hannu a hankali, ya kara kunnensa, ya juya gaba, ya dawo baya. Sannan ya ce, "Yaro, shiga ka tambayi Hajiya, me ya yi kafin ya tsaya?" Sai na kawo amsa tukuna zai ce a ba shi faranti. Duk kusar da ya cire, a farantin zai jera ta, ta farko daga dama, ta biyu kusa da ita, don in ya zo mayarwa ya bi sahu. Sau da yawa abin da yake zaƙulowa da gashin kaza da ɗan kananzir bai wuce dunƙulen ƙurar yadi da ta cuɗe da tsohon mai ba. Ya ɗaga shi a fuskata ya ce, "Ka ga ciwon nan. Lafiyarsa ƙalau, datti ne ya sha kansa."

Sai na aje sukurdireba, na ɗauko ƙaramin batir mai bolt 9, na taɓa bakinsa biyu a ƙafafun dama da na hagu. Jirgin ya yi gunji ƙasa-ƙasa, ya ɗan girgiza, ƙafafun ba su juya ba. Na janye batirin da sauri, don inji in ya cije ana ci gaba da ba shi wuta, wayarsa ce za ta ƙone. Amma wannan gunji albishir ne: da rai a ciki, wani abu ne ya riƙe shi. Na shiga kicin na ɗauko faranti.

Cikinsa ba shi da yawa. Akwai gangar jiki ta ƙarfe, akwai inji da bai fi ɗan yatsa ba. Injin nan ɗan'uwan na fankar tebur ne mai batir: dunƙulen wayar jan ƙarfe da ke juyawa a tsakanin maganaɗisu, a bakinsa zobe mai tsaga uku, ga wasu 'yan gutsattsarin gawayi biyu da sifirin ke dannawa a kan zoben, su ne ke miƙa masa wuta. Zoben ya yi baƙi ƙirin, tsagoginsa sun cike da garin gawayi. Man da aka sa shekaru da yawa ya daskare ya zama ɗanko, gashin kyanwa da zaren darduma sun nannaɗe gindin kowace ƙafa. Tsinken sakace, auduga, sifirit da hantsaki, su ne suka yi aikin daren farko gaba ɗaya.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin reluwe, da ya shimfiɗa dogo zagaye da ɗakin saman gidansa. Na kai masa ya gani. Ina nuna masa kusar da ke riƙe da maganaɗisun, ina cewa gobe zan cire in wanke, sai ya ɗora hannunsa a kan nawa. Ya ce in ciro injin ɗungurungum in ina so, amma kada in raba shi da maganaɗisunsa. Irin na wancan zamani, da zarar an zare shi daga ƙarafan da ke kewaye da shi, ƙarfinsa ya ragu ke nan, mayar da shi ba ya dawo da shi sai an kai wurin mai na'urar cusa masa sabon ƙarfi. Inji mai raunin maganaɗisu kuwa wuta yake zuƙa fiye da kima, ya yi zafi, ya kasa jan kaya. Tsohon zaurenmu ma yana da kusa ɗaya da yake nuna mana da baki yana gargaɗi, wadda ke riƙe da sandar allura. Yakan ce ko'ina yaro ya taɓa a keke da gyara, ban da nan.

Sai da na girma na fahimci dalilinsa. Allura tana sauka da zaren sama, tana fara ɗagowa zaren ya yi ɗan lauje, a daidai wannan ƙiftawar ido ne ƙugiyar ƙasa za ta zo ta cafke shi ta zagaya da shi kwarkwaro. In sandar allura ta gota ko da kaurin farce ne, ƙugiya za ta zo ta tarar babu kowa. Komai na keken lafiya lau, amma ba zai yi ɗinki ba, saboda abubuwa biyu sun daina haɗuwa a kan lokaci.

Ciwon jirgina ke nan. Manyan ƙafafunsa shida ne, uku kowane gefe, sanda ɗaya ta haɗa na dama, ɗaya ta haɗa na hagu. Inda sandar dama ta kama ƙafa da inda ta hagu ta kama ba sa fuskantar juna, tsakaninsu akwai rubu'in zagaye, digiri 90. A jirgin gaske an yi haka ne don lokacin da turin gefe ɗaya ya kai ƙarshe ba shi da sauran ƙarfi, ɗaya gefen yana tsakiyar nasa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya san abin: taɓarya tana ba taɓarya hanya, kowace da lokacinta, in ɗaya ta yi gaggawa sai karo. Faɗuwar da jirgin ya yi ta sa ƙafar tsakiya ta zame a kan gindinta, ta fita daga sahun 'yan'uwanta. Kowane zagaye sai sandunan su ja juna su cije.

Nan na daɗe. Na ciro injin na aje gefe, na miƙar da lanƙwasasshiyar sandar tsakanin katako biyu don kada filaya ta yi mata tabo. Sannan na riƙa murɗa ƙafar da babban yatsa, kaɗan-kaɗan, in ɗora a kan gilashin tebur in tura da yatsa ɗaya in ga inda za ta tsaya. In na wuce, in dawo. Ido ba ya ganin bambancin, yatsa ne ke ji. Dare uku ina wannan, bayan sallar isha'i, sai a na ukun na tura ta tafi sumul har bakin tebur.

Saura mai. Tsohon nan mai gyaran keke ba ya bari a tsiyaya. Yakan tsoma bakin allura a kwalbar man keke, ɗigon da ya maƙale shi zai kai wurin. Wata rana yayata ta malala wa keken mai don ta burge, ya ɓata farin yadin mutane, da ya zo ya ce, "'Yata, keke ba tuwo ba ne da za a cika masa miya." A ƙaramin jirgi abin ya fi tsanani. Mai in ya kai ga zoben nan sai ya kwaɓe da garin gawayi ya toshe tsagogin, injin ya fara hayaƙi, wani man kuma cin roba yake yi. Ɗigo ɗaya a kowane gindin ƙafa, ɗaya a giya, shi ke nan.

Akwai cutar da ba ta da magani, na gode Allah nawa bai kamu ba. Wasu tsofaffin jiragen an zuba gangar jikinsu da tutiya wadda dalma ta gurɓata, sai ƙarfen ya riƙa kumbura daga ciki yana tsattsagewa, kamar azarar da gara ta cinye, waje lafiya, ka taɓa ta zube. Wannan sai dai a nemi wata gangar.

Tsagar rufin na haɗa ta daga ciki, da irin gam ɗin da ke narkar da bakin robar biyu su zama ɗaya. Layin yana nan, siriri, ana gani in an karkata shi wajen haske. Maƙwabcina ya ce yana da fenti in ina so. Masu wannan sha'awa sun kasu, wasu sai sun mayar da abu kamar yau ya fito daga shago. Ni dai na duba gefen jirgin, inda lambar ta koɗe daidai wurin da yatsu biyu za su kama shi a ɗaga, na tuna zanen zinaren keken mahaifiyata da ya shafe a inda yadi ke wucewa ƙarƙashin hannunta. Mutumin da ban sani ba ya ɗauki wannan abu sau dubbai a nan. Na ce masa na gode, a bar shi haka.

Ya ara mini dogo zagaye ɗaya da akwatin ba da wuta. Muka shimfiɗa a falo, 'yata ta kwanta ta kafa kunci a ƙasa don ta ga ƙafafun. Na murɗa a hankali. Ya yi gunji, ya ɗaga, sandunan suka fara kai da kawowa, ƙanshin mai mai ɗumi ya tashi. Na kira mahaifiyata ta bidiyo na juya mata wayar. Ta yi shiru yana zagayawa, sau biyu, sau uku.

"Matso da wayar kusa," ta ce. Na matsar. "Kana jin wani ɗan ƙas-ƙas in ya zo kwana? Daga baya yake."

Na kara kunne. Yana nan, a ƙananan ƙafafun da ke ƙarƙashin ɗakin direba. Na kashe wutar, na ce wa yarinyar ta miƙo mini farantin.