Yaro mai buɗaɗɗen ƙashin baya: yadda za a hana gaɓoɓinsa sandarewa

Zuwa ga iyaye mata da wakilan kiwon lafiya na Gidigir da ƙauyukan kewaye.

Akan haifi wani jariri da ƙulli ko rauni a tsakiyar gadon bayansa, inda ƙashin bai rufe ba. Likitoci na kiran wannan larura sifina bifida. Tana faruwa ne cikin kwana 28 na farkon ciki, kafin mace ta tabbatar tana da juna biyu. Ba aikin iska ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne.

Dalilin sandarewar gaɓoɓi

Jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa ƙafafu ta cikin ƙashin baya suke bi. Idan sun taɓu, wasu tsokoki sukan yi rauni, wasu su ci gaba da ja, sai gaɓa ta karkata ɓangaren mai ƙarfi. Gaɓar da ta daɗe ba ta motsi kuwa takan ƙage a yadda aka bar ta. Abin ya fi shafar ƙugu da gwiwa da idon sawu, kuma da yawa daga cikin waɗannan yara da tafin ƙafa lanƙwashe ciki ake haihuwarsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: abin da hannu zai miƙe a watannin farko, idan aka yi jinkiri sai da aikin tiyata.

Aikinki na kullum, uwa

Ki bari raunin baya ya warke, kuma jami'in lafiya ya nuna miki da hannunsa kafin ki fara. Ki kwantar da yaro kan tabarma mai shimfiɗa. Ki riƙe sama da gaɓar da hannu ɗaya, ƙasa da ita da ɗayan, ki miƙe ta sannu har inda ta tsaya da kanta. Ki tsaya nan ki ƙirga 20 zuwa 30, sannan ki saki. Ki maimaita a ƙugu da gwiwa da idon sawu, sau 2 ko 3 a yini. Bayan wanka ya fi sauƙi, domin jiki ya yi laushi.

Kada ki tilasta gaɓa. Ƙashin ƙafar da ba ta taka ƙasa ba shi da ƙwari, yana iya karyewa yaron bai yi kuka ba. Saboda haka kada a kai shi wurin maɗori, kada a yi masa tsaga ko gashi da ruwan zafi.

Goyo yana da kyau, amma yini guda a baya yakan bar ƙugu da gwiwa a naɗe. Ki riƙa sauke shi, ki kwantar da shi rubda ciki na ɗan lokaci idan yana farke kuma kina kusa.

Gyaran ƙafa da ɗaurin likita

Ga lanƙwasasshiyar ƙafa akwai hanyar da likita Ignacio Ponseti ya fito da ita a jami'ar Iowa ta Amurka. Kowane mako ana juya ƙafar kaɗan a sa mata ɗaurin siminti na likita, galibi sau 5 zuwa 8. Yara da yawa sukan buƙaci ƴar ƙaramar yanka a agara daga ƙarshe, wadda ba babban aiki ba ce. Bayan nan sai takalma masu sanda a tsakani: awa 23 a kowace rana har wata 3, sannan lokacin barci kawai har shekara 4 ko 5. A wurin mai buɗaɗɗen baya ƙafar ta fi saurin komawa, don haka kada a yar da takalman. Daga cibiyar lafiya ta Gidigir ake samun takardar turawa zuwa asibitin Gure ko babban asibitin Damagaram. A Yamai kuma akwai asibitin yara na CURE, wanda aka buɗe a 2010, inda ake gyaran ƙafafun yara.

Idonki ne zai ji masa ciwo

Yaron da ba ya jin ƙafarsa ba zai gaya miki ɗauri ya matse shi ba, ko yashin rana ya ƙone shi. Ki duba fatarsa safe da yamma: dunduniya, idon sawu, gwiwa da mazaunai. Kada ya ja jiki kan rairayi mai zafi ko kusa da murhu. Ki kai shi likita a ranar idan kin ga:

Jan tabo da bai gushe ba, ko gyambo.
Yatsu sun kumbura, sun yi sanyi ko sun canza launi cikin ɗauri.
Cinya ko ƙwauri ya kumbura yana zafi.
Kai yana girma da sauri, da amai ko yawan barci.

Abinci yana cikin magani

Fatar yaro mai tamowa ta fi saurin tsagewa, gyambonsa kuma ba ya warkewa da wuri. A ba shi nonon uwa zalla har wata 6, sannan kunun gero haɗe da wake ko gyaɗa, da ƙwai da ganyen zogale, ana ci gaba da shayarwa har shekara 2.

Wakilai, irin wannan yaro yakan zauna cikin ɗaki, awo ya wuce shi. Ku neme shi har gida. Daga wata 6 ku auna damtsensa: ƙasa da santimita 11,5 ja ne, a tura shi nan take, tsakanin 11,5 da 12,5 rawaya ne, yana buƙatar bibiya. Duk ziyara, ku roƙi uwa ta yi miƙar gaɓoɓin a gabanku, ku kuma jawo uba da kaka su koya, domin aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Kariya ga ciki na gaba

Sinadarin folik asid yana rage aukuwar wannan larura sosai, idan an fara shan sa kafin ɗaukar ciki har ƙarshen wata 3 na farko. Yana cikin ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wajen awon ciki, akwai shi kuma a wake da gyaɗa da ɗanyen ganye. Matar da ta taɓa haihuwar irin wannan yaro tana buƙatar adadi mafi yawa, wanda jami'in lafiya ne zai rubuta mata. Ta je ta gan shi tun kafin ta sake ɗaukar ciki.