Gwajin Iri: Aikin Lakkol da Ake Yi a Gida

Ba dukan aikin lakkol ne ke ƙarewa cikin aji ba. Wani lokaci malam yakan ba yara aikin da za su yi a gida, su kawo sakamako bayan mako guda. Ɗaya daga cikinsu shi ne gwajin iri. Ana yin shi cikin watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwan shibka ya sauka, don a san ko hatsin da aka aje cikin rumbu zai tsira.

Ga yadda ake yi. Yaro ya ƙirga ƙwayar hatsi 100. Ya jiƙa tsumma mai tsabta, ya matse, ya shimfiɗa cikin tasa. Ya jera ƙwayoyin layi 10, kowane layi ƙwaya 10, sannan ya rufe su da wani jiƙaƙƙen tsumma. Safe da marece yana yayyafa ruwa kaɗan. Tun rana ta 3 zai ga farar saiwa ta fara leƙowa. Kowace rana ya ƙirga waɗanda suka tsira, ya rubuta cikin kayensa. Rana ta 7 ita ce ta ƙirgar ƙarshe.

Ƙwaya tana bukatar abu uku kafin ta tsira: laima, iska da ɗumi. A kwanakin farko ba ta bukatar ƙasa, don abincinta yana cikin jikinta. In tsumma ya bushe, tsiro ya mutu. In ruwa ya yi yawa ya rufe ƙwaya, ba ta samun iska, sai ta ruɓe. Irin wannan gwaji ne masana aikin gona suke yi kafin a ba manoma iri. A ƙasarmu akwai ma'aikatar binciken noma, INRAN, wadda aka kafa a 1975, tana da tasha a Tarna kusa da Maraɗi.

Yaro shi kaɗai ba ya iya gama wannan aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uba ne ya san inda irin bana yake. Shi zai buɗe rumbu, ya ɗebo zangarniya daga sama, da tsakiya, da ƙasa, a murje a garwaya. In aka zaɓi manyan ƙwayoyi kaɗai, gwajin ba zai faɗi gaskiyar abin da ke cikin rumbu ba. Uwa tana ba da tasa da tsumma. Ita ce kuma ta san wurin da ke da inuwa, inda kaji da ɓeraye ba su kaiwa. In yaro ya tafi lakkol, tana hana ƙannensa taɓa tasar. Wa ko ya da suka yi karatu suna duba rubutunsa, na Hausa da na Faransanci, su nuna masa inda ya yi kure, shi kuma ya gyara da hannunsa.

Ashe ba sai wanda ya shiga aji ne ke iya taimakon ɗan lakkol ba. Tsohon da bai taɓa riƙe alkalami ba ya san irin da ƙwari suka ci, ya san wanda laima ta ɓata. In yaro ya ce: «Baba, me ya hana waɗannan tsira?» uba ba ya gaggawar ba shi amsa. Sai ya ce: «Fasa ɗaya ka duba cikinta.» Abin da yaro ya gani da idonsa ba ya mance shi.

Amma taimako daban, yi wa yaro aikinsa daban. Wani wan, don tausayi, yakan karɓi kaye ya cika lambobi daga kansa, ko tasar bai buɗe ba. Wannan ba taimako ba ne. Yaro bai koyi ƙirga ba, bai koyi lura ba, kuma lambar ƙarya ta shiga gida. In an rubuta 90 alhali 50 ne suka tsira, uba zai shibka iri maras kyau. Gurabu da yawa za su fito wayam, sai an sake shibka. Ga asarar iri, ga kwanakin damana sun wuce, damana kuwa gajera ce.

In yaro ya yi aikinsa da gaskiya, lambar da ya samu tana da amfani. Ƙwaya 85 cikin 100 suka tsira, iri yana da kyau. In rabi ne kaɗai, sai a ƙara yawan ƙwaya cikin kowane gurbi, ko a nemi wani iri tun da sauran lokaci. Ta haka aikin da malam ya bayar yake komawa gonar gida.

Tambayoyi
1. Wane abu uku ƙwaya take bukata kafin ta tsira?
2. Don me ake ɗebo zangarniya daga sama, da tsakiya, da ƙasan rumbu?
3. An gwada ƙwaya 50, 40 suka tsira. Nawa ke nan cikin 100?