Jan da ke cikin saiwar wake

Duk manomin Dabawa da ya taɓa tuge wake ko gyaɗa a tsakiyar damina ya ga 'yan ƙullutu manne da saiwa. Wasu kan ɗauka cuta ce. Ka fasa ɗaya da farce: in cikinsa ja-ja ne, to aiki yake. Ƙwayoyin bakteriya ne a ciki, suna kama naitirojin daga iska su miƙa wa shuka, sinadarin da muke biya da tsada a buhun yuriya.

Irin wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ya kai har ƙarƙashin teku. A 1977 jirgin nutso mai suna Alvin ya sauka zurfin kusan mita 2,500 kusa da tsibiran Galapagos, ya tarar da ruwan zafi na ɓulɓulowa daga ƙasa. A gefensa ga wasu tsutsotsi, Riftia, masu jan tukku, tsawonsu kan kai mita 2, ba baki, ba hanji. A 1981 Colleen Cavanaugh, tana ɗaliba a Harvard, ta nuna bakteriya ne a cikinsu ke sarrafa iskar farar wuta su ciyar da su. Jan tukkun tsutsar da jan ƙullutun wake duka daga dangin sinadarin da ke rina jininmu suke.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ake samo abokin zaman. Tsutsar ba ta gadonsa daga uwa. Tun tana ƙanƙanuwa yake shigar ta ta fata, daga ruwan wurin. Shi ya sa tsutsotsi iri daban-daban da ke maɓulɓula ɗaya kan ɗauki bakteriya kusan iri ɗaya. Wake ma haka: ƙwayar iri ba ta zuwa da nata, abin da ta tarar a gona shi take ɗauka.

Nan waken suya ya sha bamban. Baƙo ne daga gabashin Asiya, kuma ba kowace ƙasa tamu ke da bakteriyar da ya fi so ba. Don haka cibiyar IITA ta Ibadan take haɗa NoduMax, garin bakteriya da ake cakuɗa iri da shi kafin shuka. Wanda zai gwada waken suya a gonakin Dutsin-Ma ko Kurfi, ya tambayi malamin gona wannan garin kafin ya tambayi taki.